Dutse bai taɓa sauya wa John Murray ra'ayi ba, tambaya ce ta kayar da shi

A shekarar 1774 a garin Boston na Amurka, wani mutum yana kan mumbari yana wa'azi a wani coci da ke kan titin School Street, sai ji kawai aka yi gilashin taga ya tarwatse, ashe wani ne daga waje ya wurgo dutse ta tagar da ke bayansa, ƙiris ya rage ya fasa masa kai. Mutumin nan bai ruga ba, bai kuma fara tsinuwa ba, sunkuyawa ya yi ya ɗauki dutsen ya ɗaga wa jama'a, ya ce musu wannan hujjar dai lallai tana da ƙarfi kuma tana da nauyi, sai dai babu hankali a cikinta kuma ba ta gamsar da kowa. Ya ajiye ya ci gaba da maganarsa. Sunansa John Murray, shi ne ake yi wa kallon uban 'yan Universalist a Amurka, wato wani ɓangare na Kiristoci da suka ce a ƙarshe kowa da kowa zai tsira, babu ɗan Adam ɗin da zai dawwama a wuta.

Bari in faɗa tun yanzu kafin wani ya fara kaifafa yatsa a ƙasan rubutun nan: ni Musulmi ne, aƙidar Murray ba tawa ba ce, ko kusa. Na yi imani akwai wuta akwai aljanna akwai hisabi. Ba tallar cocinsa na zo yi ba, cocin ma ai tun 1961 ya narke ya haɗe da na 'yan Unitarian, waɗanda ba su yarda da aƙidar Allah uku cikin ɗaya ba. Abin da ya ja ni ga labarin nan daban ne. Idan ka bi rayuwar mutumin nan tun daga farko har ya mutu za ka ga an gwada masa kusan duk wani makami da masu rinjaye ke da shi a hannu, kora, jifa, ƙazafi, haraji, kotu, kuma babu ɗaya da ya motsa shi ko taku ɗaya. Sau biyu kacal aka ci galaba a kansa, duka biyun kuma da hujja ne.

An haife shi ranar 10 ga Disamba 1741 a wani ƙaramin gari da ake kira Alton a Ingila, yana ɗan shekara goma iyayensa suka koma Ireland kusa da Cork. Gidan masu tsananin addini ne, mabiya koyarwar Calvin. To ita wannan koyarwar, a yadda aka shayar da yaron ita, cewa take tun fil azal Allah ya riga ya ware wasu 'yan tsiraru zaɓaɓɓu da za su tsira, sauran kuwa 'yan wuta ne, duk abin da za ka yi ba zai canza layinka ba. Uban mutum ne mai zafin hannu, ga duka ga wa'azin azaba safe da yamma. Murray da kansa ya ba da labarin irin fargabar da ya tashi a cikinta. Malamanmu sukan ce tsoro da fata kamar fukafukan tsuntsu ne guda biyu, in ka karya ɗaya tsuntsu ba ya tashi. Uban Murray ya karya fiffiken fata, shi kuma ɗan da ya girma sai ya rama ya karya na tsoro. Ni a nawa ganin ruwa ba ya tsami banza, wanda ya fara kafa cocin Universalist ba John ba ne, babansa ne da bulalarsa.

Ya taso ya shiga cikin 'yan Methodist har jagoransu John Wesley ya ba shi jagorancin wani ajin samari, daga baya ya koma Landan ya zama ɗan gaban goshi a majami'ar shahararren mai wa'azin nan George Whitefield. A lokacin akwai wani mutumin Wales a Landan mai suna James Relly da ke cewa Yesu ya riga ya ceci dukkan mutane ba wasu zaɓaɓɓu ba. Murray ya tsani mutumin nan tsana mai tsanani ba tare da ya taɓa zama ya saurare shi ba, abin da muka ƙware a kai yanzu, ka ga mutum ya cika shafinsa da zagin wani malami alhali ko karatunsa ɗaya bai taɓa ji daga farko zuwa ƙarshe ba, guntun bidiyo na sakan talatin ne duk iliminsa a kansa.

Ana nan sai wata budurwa 'yar cocinsu ta fara bin Relly. Aka tashi Murray da wasu 'yan rakiya su je su dawo da ita hanya. Ya je da kumbura da taƙama, ya karanta mata cewa wanda bai ba da gaskiya ba hallakakke ne. Yarinya ta ce to malam, gaskiya da me? Ya ce da cewa Yesu mai cetonsa ne. Ta ce to shi Yesun mai ceton marasa ba da gaskiya ne? Ya ce a'a, sai sun ba da gaskiya tukunna. Ta ce to in kafin su ba da gaskiya ba mai cetonsu ba ne, kenan ana neman su yarda da abin da ba gaskiya ba ne, kuma za a ƙona su don sun ƙi yarda da ƙarya? Ta tambaye shi ko shi kansa akwai lokacin da bai yi imani ba, ya ce ƙwarai. Ta ce to a lokacin nan ba mai cetonka ba ne kenan? Gogan naka ya rasa ta cewa. Sai ya zaro agogo daga aljihu ya duba ya ce ai dare ya yi, yana da wani uzuri, ya ari na kare. Shi da bakinsa ya ba da wannan labarin, kuma wallahi wannan kaɗai ya sa nake ganin girmansa, don ba kowane namiji ne zai rubuta da hannunsa cewa yarinya ta ƙure shi har ya fake da agogo ba.

Ba ruwana da ko hujjar yarinyar ta tsaya ko ba ta tsaya ba, rigimar cikin gidansu ce, kuma na tabbata akwai malaman Kirista da za su iya warware ta. Abin lura shi ne wanda aka aika ba shi da amsa. Cocin da ya aike shi ya koya masa tsanar Relly amma bai koya masa yadda zai amsa wa almajirar Relly ba. Tambayar ta zauna masa a rai, daga baya ya samu littafin Relly ya karanta, shi da matarsa Eliza suka fara zuwa sauraronsa, ƙarshe dai ya koma can. Majami'ar Whitefield ta kore shi. Kora kawai, shikenan, an wanke hannu.

Daga nan duniya ta juya masa baya. Jaririn ɗansa ya mutu, matarsa ta bi, bashi ya yi masa katutu har aka kulle shi saboda bashin, sai da ɗan'uwan matar ya fitar da shi. Ya yanke shawarar ya bar ƙasar ya je inda ba wanda ya san shi, ya kuma yi niyyar shi da wa'azi har abada. A 1770 ya hau wani jirgin ruwa mai suna Hand in Hand zuwa Amurka, jirgin ya kafe a yashi a gaɓar New Jersey kusa da wani ƙauye da ake kira Good Luck. Ya sauka neman abinci sai ya haɗu da wani manomi Thomas Potter, wanda bai iya karatu ba amma ya gina ɗakin ibada da kuɗinsa shekaru goma kafin nan yana jiran mai wa'azin da zai zo da irin wannan saƙon. Murray ya ce shi fa da iska ta juya zai wuce, Potter ya ce iskar ba za ta juya ba sai ka yi mana wa'azi. Ranar Lahadi 30 ga Satumba 1770 ya hau mumbari. Mabiyansa suna ɗaukar wannan a matsayin karama, ni kuwa na ɗauke shi a matsayin irin labarin da kowace ƙungiya ke so ta samu game da mafarinta, musamman da yake daga bakin mai labarin ya fito. Mu wuce.

Inda maganar ta zama ta jama'a shi ne garin Gloucester a jihar Massachusetts, garin masunta da 'yan kasuwar teku, inda ya zauna daga 1774. Da yaƙin neman 'yancin Amurka daga Ingila ya ɓarke a 1775 aka naɗa shi limamin sojojin Rhode Island, sauran limaman soja suka haɗa kai suka rubuta takarda a cire shi don bai yarda da dawwama a wuta ba, babban kwamandan sojojin George Washington ya ƙi, ya tabbatar da shi. Ya dawo Gloucester har ya tara wa talakawan garin taimako saboda yaƙi ya kashe musu sana'a, amma duk da haka aka ce ɗan leƙen asirin Ingila ne, hukumar garin ta kira shi ta ce ya tattara ya bar musu gari. Ya ƙi. Cocin garin ya dakatar da waɗanda ke zuwa wurin Murray, su kuma a ranar 1 ga Janairu 1779 suka kafa nasu cocin, na farko na 'yan Universalist a Amurka, suka buɗe gininsu ranar Kirsimeti ta 1780. Ka duba fa, kora ce ta haifi cocin. Da an bar su a ciki ana ta musu da su, wataƙila da yanzu ba mu san sunansu ba.

Sai maganar kuɗi. Mutane da yawa suna zaton Amurka tun ranar farko ta raba addini da gwamnati, ba haka ba ne. Kundin tsarin mulkin Massachusetts na 1780 ya wajabta wa garuruwa su karɓi haraji don biyan fastoci. Mutanen Murray suka ce mu ba za mu biya albashin faston da ke zaginmu duk Lahadi ba, muna da namu. Hukuma ta ce naku ai ba fasto ba ne, cocinku ma ba coci ba ne, wanda ya ce babu wutar dawwama ba zai zama mai koyar da tarbiyya ba. A 1782 aka shiga gidajensu aka kwashe kaya aka yi gwanjonsu, wani aka ɗauke masa kayan azurfa, wani kuma aka cire ƙarfen nan mai nauyi da ake jefawa ruwa don tsayar da jirgi, alhali jirgin nasa na shirin tashi. Mugunta tsagwaronta. Suka garzaya kotu a 1783, aka yi ta jan shari'a har 1786, suka yi nasara. Tsugune ba ta ƙare ba, aka sake biyo masa ta wata hanya, aka ci shi tara wai ya ɗaura aure alhali ba a naɗa shi bisa ƙa'ida ba, har sai da ya tsallaka Ingila na ɗan lokaci kafin majalisar jihar ta warware maganar a 1788.

Yanzu mu yi wa abokan gabarsa adalci, don ba dukkansu ne 'yan jifa ba. Tsoronsu na gaske ne. Cewa suke in ka cire wa mutane tsoron wuta me zai hana ɗan kasuwa tauye mudu, me zai hana mai shaida ya rantse a kan ƙarya? Har bayan mutuwar Murray akwai kotunan Amurka da suka ƙi karɓar shaidar wanda bai yarda da azabar lahira ba saboda wannan dalilin. Ni kaina na fahimci wannan tsoron, kuma ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a ciki, mutane da yawa abin da ke riƙe hannunsu a ɓoye shi ne sanin akwai ranar tsayuwa. To amma in har wannan ce hujjarka, ita za ka fito da ita fili, ka tsaya a gaban jama'a ka kare ta, ka amsa tambayar yarinyar nan. Me ya haɗa ta da kwashe azurfar mutane? Kuma ga abin dariya, masu cewa rashin tsoron wuta zai sa mutane ta'adi su ne suka wurga dutse kan mutum yana cikin ɗakin ibada, su da suka yarda da wutar. Laifi tudu ne.

Wani zai ce to kenan a zuba ido kowa ya faɗi abin da ya ga dama? Ban ce a yi shiru ba. Shiru ma ai wani nau'in gudu ne, irin na mai duba agogo. Cewa na yi a amsa, da ilimi, da haƙuri, a kuma yarda cewa amsawa aiki ne mai wahala, sai ka karanta abin da abokin hamayyarka ya faɗa da gaske ba abin da aka ce maka ya faɗa ba. Mu da aka umarta a cikin suratun Nahli mu yi kira da hikima da wa'azi mai kyau, mu yi jayayya da abin da ya fi kyau, bai kamata a ce sai wani faston Ingila na ƙarni na 18 ne zai tuna mana cewa dutse ba hujja ba ne. Jifa aikin malalaci ne, ko yaro ɗan shekara bakwai ya iya. Kuma na lura a rigingimun da muke yi a intanet, yawanci wanda ya fara zagin iyaye shi ne wanda aka yi wa tambayar da ba shi da amsarta, zagin nan shi ne agogonsa.

Akwai kuma abin da masu neman gwamnati ta murƙushe musu abokin saɓani suke mantawa. Su waɗannan masu rinjayen na Massachusetts jikokin mutanen da suka gudo daga Ingila ne saboda cocin gwamnati ya takura musu. Da suka samu wuri sai suka kafa irin abin da suka guje wa. Sandar da ka miƙa wa hukuma yau don ta daki wani, ba a hannunka za ta kwana ba. Kuma haka aka yi, domin daga baya a garuruwa da dama 'yan Unitarian suka fi yawa a wurin ƙuri'a suka karɓe tsofaffin coci-cocin da kadarorinsu, sai ga masu tsattsauran ra'ayin da kansu suna kukan tsarin da suka kare jiya. A 1833 jihar ta soke harajin coci gaba ɗaya, ita ce ta ƙarshe a duk Amurka.

Kada kuma a ɗauka shi Murray waliyyin sauraron ra'ayin wasu ne. A 1788 ya auri Judith Sargent, mace mai kaifin alƙalami wadda a 1790 ta wallafa maƙala kan cewa ƙwaƙwalwar mace ba ta gaza ta namiji ba, rashin ilimi ne ya bambanta su. A 1793 suka koma Boston ya zama faston babban coci, wanda aka jefa da dutse jiya ya zama dattijon gari. Sai ga wani saurayi ɗan ƙauye daga New Hampshire, Hosea Ballou, wanda aka haifa a 1771, shekara talatin tsakaninsu. Shi ma ya yarda kowa zai tsira amma ta wata hanya dabam: ya ƙi aƙidar Triniti, wato Allah uku cikin ɗaya, ya kuma ƙi cewa an kashe Yesu ne don a huce fushin Allah. Murray kuwa duk wannan yana riƙe da su gam, ginshiƙin gininsa kenan. A 1798 Murray ya yi tafiya, Ballou ya riƙe masa mumbari, yana gama wa'azi sai Judith ta aika wa wani daga cikin mawaƙan coci ya miƙe daga kan bene ya sanar da jama'a cewa abin da aka faɗa yau ba shi ne koyarwar da aka saba yi a wannan gidan ba. Ballou bai ce komai ba illa jama'a su lura da abin da ɗan'uwanmu ya faɗa, ya ci gaba da hidimarsa. Kun ga, gidan da aka kafa saboda an kore su, shi ma ya fara tsaron ƙofa. Sai dai in ba su haƙƙinsu, sanarwa suka yi, ba wanda ya ɗauki dutse.

A 1805 Ballou ya fitar da littafinsa kan ma'anar fansa, cikin harshe mai sauƙi da misalan manoma, kuma cikin 'yan shekaru kusan duk matasan fastocin ƙungiyar suka koma bayansa. Wannan ita ce faɗuwar Murray ta biyu. Abin da gwamnatin jiha da hukumar gari da limaman soja da 'yan jifa suka kasa yi cikin shekara talatin, wani ɗan ƙauye da bai yi wata makarantar kirki ba ya yi shi da littafi ɗaya, ya ɗauke masa mabiya yana raye yana kallo. Shi dai bai sauya ba, a kan koyarwar Relly ya tsaya har ƙarshe, amma ƙungiyar ta wuce ta bar shi.

Ranar 19 ga Oktoba 1809 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, mumbari ya gagare shi. Shekara kusan shida yana kwance sai an ɗaga sai an kwantar, mutumin da ya yi ta yawon wa'azi gari-gari a gaɓar tekun Amurka. Kuɗi suka yi ƙaranci a gidan, Judith ce ta tattara wasiƙunsa da wa'azozinsa ta buga ko a samu na cefane. Ya mutu ranar 3 ga Satumba 1815 yana da shekara 73, ita ce kuma ta ƙarasa rubuta tarihin rayuwarsa da ya fara, aka buga a 1816. An fara binne shi a maƙabartar Granary da ke tsakiyar Boston, sai a 1837 mabiya suka tono shi suka mayar maƙabartar Mount Auburn suka kafa masa dutsen tunawa. Soke harajin cocin da ya yi wa shari'a bai gani ba, an yi shi yana da shekara 18 a ƙasa.

Shekara biyu bayan mutuwarsa, a 1817, wasu 'yan Universalist na Boston suka gina sabon coci suka ɗauko Hosea Ballou ya zama fastonsu, ya zauna a nan har ya mutu a 1852. Cocin a kan School Street yake, titin da aka wurgo wa Murray dutsen.